Gadon Gida Amana Ne: Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Sashen Ginin Tukwane da Sarrafa Yumɓu

 



Ina gode wa hukumar makaranta da ta girmama ni da wannan gayyata. Ina taya iyaye murna, domin haƙurinku ne ya kawo mu yau. Ku kuma malamai, da kuka tsaya a bakin matoya cikin zafi da hayaƙi har yaran nan suka san hannunsu, Allah Ya saka muku da alheri.

'Ya'yana, da yawanku a gidan magina kuka tashi. Kun ga kaka tana kwaɓa yumɓu, kun ga uwa tana gina randa da tulu da kasko, wasunku sun ɗauki tukwane a ka zuwa kasuwa tun kafin su iya ƙirga kuɗi. Yau za ku koma gidajen nan da takardar shaida, kuma tambaya tana jiranku a bakin ƙofa: me za ku yi da sana'ar da kuka gada? Domin amsa ta nake so in ba ku labarin wani magini Bature, mutumin Ingila, mai suna Henry Doulton.

An haife shi a shekarar 1820 a unguwar Lambeth da ke gaɓar kogin Tems a birnin Landan. Mahaifinsa, John Doulton, magini ne da ya yi koyo a masana'antar tukwane ta Fulham, sannan a 1815 ya zuba fam 100, abin da ya tara da guminsa, ya shiga haɗin jari a wata ƙaramar masana'anta da ke yin kwalabe da tuluna na yumɓu. Henry ya yi karatun boko, amma yana da shekara 15, a 1835, ya zaɓi shiga aikin mahaifinsa. Ya zauna a kan na'urar juya yumɓu, ya koyi kwaɓi da gini da gashi kamar kowane yaron aiki. Ku riƙe wannan da kyau: kafin ya ba da umarni a gidan, sai da ya iya aikin da zai sa wasu su yi.

Landan ta wancan zamani ta cika ta batse da jama'a, ga ƙazanta ta yi katutu. Bayan gida na taruwa a ramuka ƙarƙashin gidaje, yana tsiyaya cikin rijiyoyi, sauran ya gangara kogin da mutane ke sha. A 1842 wani jami'in gwamnati, Edwin Chadwick, ya fitar da rahoto kan halin tsabtar da ma'aikata talakawa ke ciki, ya kuma yi ta kira da a shimfiɗa bututun yumɓu masu santsin ciki domin kwashe ƙazanta. Matashi Henry ya ji wannan kira, ya gane cewa aikin na magina ne. A 1846 ya buɗe masana'antar bututu a Lambeth.

Ku da kuka yi karatun wannan fanni kun san sirrin abin. Idan wutar matoya ta kai wajen digiri 1,200, sai a watsa gishiri a ciki. Gishirin ya zama tururi, ya haɗu da sinadarin yashi da ke jikin yumɓun, ya bar masa fata mai ƙyalli irin ta gilashi. Bututun da aka gasa haka ba ya shan ruwa, ba ya tsatsa, ƙazanta ba ta maƙalewa a cikinsa. Ba a daɗe ba annobar kwalara, wato amai da gudawa, ta faɗa wa Landan a 1848 zuwa 1849, ta kashe mutum fiye da 14,000, kuma Lambeth na cikin unguwannin da suka fi jin jiki. Ta sake dawowa a 1853 zuwa 1854, lokacin da likita John Snow ya nuna cewa ruwan wani famfon unguwa ne ke yaɗa cutar. Hukumomi suka tashi haiƙan wajen gina magudanun ruwa, suka tarar Doulton ya riga ya shirya. Bututunsa suka shiga ƙarƙashin titunan Landan da na wasu biranen, ya buɗe ƙarin masana'antu a sassan Ingila. Gidan da ya fara da kwalabe ya zama gidan da ke taya birni yaƙi da annoba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani, kuma a nan magini ne ya ba da nasa kason rigakafin.

Da arziki ya samu, abin da ya yi da shi ya fi burge ni. Kusa da masana'antarsa akwai makarantar koyon zane ta Lambeth, shugabanta John Sparkes ya shawo kansa ya ɗauki ɗalibanta aiki. Daga cikin na farko akwai George Tinworth, ɗan wani talaka mai gyaran ƙafafun keken doki, wanda daga baya ayyukansa na yumɓu suka shiga manyan majami'un Ingila. A 1871 ya ɗauki Hannah Barlow, mace ta farko mai zane a gidan, gwanar zana dawakai da tumaki a jikin ɗanyen yumɓu. Da hannunta na dama ya samu matsala, sai ta koyi aiki da na hagu, ta ci gaba shekaru da dama. Bayanta mata masu yawa suka samu aiki a wurin. Doulton ya kuma bar kowane mai zane ya sa alamar sunansa a gindin abin da ya yi, saboda haka har yau ana sanin hannun da ya yi kowace tukunya. Wannan adalci ne ga ma'aikaci, ina so ku koye shi.

A 1877 ya sayi hannun jari a wata masana'anta a garin Burslem, cikin yankin da ya fi shahara da tangaram a Ingila. A 1885 aka ba shi lambar yabo ta Albert, a 1887 Sarauniya Biktoriya ta ba shi muƙamin Sir. Ya rasu a 1897, ɗansa ya ci gaba da jan ragamar gidan, kuma a 1901 Sarki Edward na Bakwai ya amince kamfanin ya ɗauki sunan Royal Doulton.

Mu ma nan ƙasar mun ga abin da buɗe ƙofa ke haifarwa. Wani maginin Ingila, Michael Cardew, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, kuma a 1954 Ladi Kwali ta zama mace ta farko da ta shiga. Ta zo da fasahar Gwari da ta koya a gida, ta haɗa da sabon ilimi. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa, yau kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20.

To, 'ya'yana, ku dubi garuruwanku da idon da Doulton ya dubi nasa. Kowace damina muna jin labarin amai da gudawa. Kwatocinmu a buɗe suke, iyayenmu mata na shaƙar hayaƙin itace a madafi, manomi na asarar tumatir saboda zafi. Tukunyar tace ruwa, da murhu mai rage cin itace, da randar sanyaya kayan lambu, da jan bulo, da indararo mai ƙarko, duk a hannunku suke. Roba ta ƙwace wa magina kasuwar tulu da buta, wannan gaskiya ce, amma buƙatun jama'a da yumɓu zai biya suna nan da yawa.

Idan kun koma gida, kada takardar nan ta sa ku raina tsohuwar da ta san ramin yumɓu mai kyau da taɓawar yatsa kawai. Ku zauna a gabanta da ladabi, ku haɗa saninta da naku. Ku riƙa rubuta abin da kuka kashe da abin da kuka samu. Kada ku sayar da tukunyar da kuka san tana da tsagu. In Allah Ya buɗa muku, ku ɗauki ɗan talaka da 'yar talaka aiki, ku biya su haƙƙinsu a kan lokaci, ku bar sunansu a kan aikinsu.

Ranka ya daɗe wakilin Mai Martaba Sarki, ina roƙon masarauta da gwamnati da masu hali su taimaka wa yaran nan da filin aiki, da matoya ta zamani, da jarin farawa, su kuma riƙa sayen kayansu.

Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya ba ku kasuwa ta halal, Ya sa iyayenku su ci moriyarku, Ya jiƙan magabatan da suka bar mana wannan sana'a. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.