Ƙafar Baka da Aikin Gwiwa da Mutum-mutumi: Jawabi a Taron Shekara



Duk wanda yake lura da sahun gaba a masallatanmu ya san kujerun roba suna ƙaruwa. Da yawanmu da muka yi shekaru a tsaye gaban allo, ko a duƙe a gona, yau gwiwa ta ƙi. Wasu ma ƙafafunsu sun buɗe sun zama ƙafar baka, alhali da su miƙe aka san su. Ga shi kuma ana ta kawo mana labarin cewa a Indiya mutum-mutumi ke yin aikin, har wasu na shawarar sayar da gona. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani.

A gwiwa ƙashin cinya yake zaune kan ƙashin ƙauri, da guringuntsi a tsakaninsu. Ɓangaren ciki ya fi ɗaukar nauyi, don haka shi ke fara cinyewa. Idan ya cinye sai ƙafa ta karkata, karkatar kuma ta ƙara ɗora masa nauyi, haka abin zai yi ta ci. Ƙaho da tsaga ba sa mayar da guringuntsin da ya tafi.

Likita ba ya cire gwiwa dungurungum, kamar yadda ake zato. Yana shafce saman ƙasusuwan ne, kaurin da bai cika wuce santimita ɗaya ba, ya sa musu hular ƙarfe, ya shimfiɗa roba mai ƙarfi a tsakani. Tun 1974 aka fito da irin wannan gwiwa a Niyok ta Amurka. Wahalar ƙafar baka mai tsanani ita ce jijiyoyin ciki sun tsuke, na waje sun saki, wani lokaci ƙashin ma ya zaizaye. Kuskure kaɗan wajen yanka sai gwiwa ta yi sako-sako ko ta ƙage.

Nan ne na'urar take da amfani. Irin wadda ake kira Mako, da kamfanin Stryker ya saya a 2013, ana fara ɗaukar hoton ƙafar ne, kwamfuta ta zana siffar ƙashin, a tsara yankan tun kafin a taɓa mara lafiya. A ɗakin tiyata ana kafa alamomi a ƙasusuwan, kyamara tana bin motsinsu. Likita ne ke riƙe da zarto. In hannunsa ya nufi ƙetare iyakar da aka shata, na'urar ta tsayar da shi. Mu da muka koyar da yara jan layi mun san aikin rula: tana miƙar da layi, amma ba ta san inda ya kamata a ja shi ba.

An tabbatar na'urar tana daidaita yanka fiye da hannu kaɗai. Amma cewa gwiwarta ta fi daɗewa ko ta fi rage ciwo, bincike bai tabbatar ba tukuna. Aikin hannu kuwa, mujallar likitoci ta Lancet ta nuna a 2019 cewa kusan 82 cikin ɗari na gwiwoyin da aka sa suna kai shekara 25. A ganinmu, gwanin likita ba na'ura ya fi sabon hannu da na'ura.

Akwai abin da masu tallar asibiti ba sa faɗa. Bayan aikin, na hannu ko na na'ura, durƙuso da zaman tahiya kan yi wa mutane da yawa wuya. Mai shiga aikin don ya rabu da ciwo ya taka da ƙafarsa, to madalla. Mai fatan ajiye kujerar salla ya tambayi likita tukuna. Ga kuma watannin motsa gwiwa a hannun masana, wanda yake wuyar samu ga wanda ya dawo gida mako biyu bayan tiyata.

Don haka muna roƙon kwamitin lafiya na ƙungiya, duk wanda ya nemi gudunmawar fita waje, a fara kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a ɗauki hoto yana tsaye, a ji ta bakin likitocin can kafin a taɓa asusu ko gona.