Maganar da Muke Kauce wa a Gefen Gadon Majinyaci



Mu mutane ne da ba mu da rowar ta'aziyya. Da zarar an ce wani malami ya rasu, kafin azahar ƙofar gidansa ta cika, an shimfiɗa tabarmi, an haɗa gudummawa. Amma a watannin da yake kwance, bayan likita ya ja ɗan'uwansa gefe ya faɗa masa gaskiya, a nan bakinmu yake mutuwa. Mu shiga mu ce "ya jiki?", ya ce "da sauƙi", alhali da mu da shi duk mun san ba haka ba ne. Wanda kuwa ya kuskura ya ɗauko zancen, sai a ce yana yi masa mugun fata.

Wannan shirun yana da tsada. Ana sayar da gona, ana ciwo bashi a kan albashi, ana yawo daga wannan asibiti zuwa wancan mai magani, bayan ciwon daji ya riga ya bazu. Shi kuwa mai ciwon yana kwana yana nishi, babu wanda ya tambaya ko akwai abin da zai sa ya runtsa.

To, akwai. Fanni ne guda a aikin likita, na sassauta wa majinyacin da ba a sa ran warkewarsa. Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta kuma koyar da cewa raɗaɗin irin wannan majinyaci bai tsaya a jiki ba: akwai tsoro, akwai tunanin iyali, akwai abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Kada a ce abin na Turawa ne. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993, inda ake haɗa ruwan maganin mofin mai arha, majinyaci ya sha a ɗakinsa. Daga 2004 ƙasar ta yarje wa ma'aikatan jinya da aka horar su rubuta shi. A nan gida, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan yana cikin waɗanda suka fara wannan aiki.

Na san abin da ke ranku. Mun ga ɓarnar kodin da tiramol a kan ɗalibanmu, dole mu tsorata da duk maganin da ya yi kama da su. Amma mofin da likita ya auna, ake ba mai tsananin ciwo a kan lokaci, ba shaye-shaye ba ne, ba kuma gaggauta ajali ba ne. Hana shi ba tsantseni ba ne, azabtarwa ce.

Idan ciwo ya lafa, sai mutum ya sami bakin magana, kuma sau da yawa yana da abin faɗi. Akwai bashin da ake binsa da wanda yake bi, akwai ajiyar da aka ba shi amana, akwai wasiyya, wadda ga Musulmi ba ta wuce sulusin dukiya, akwai wanda yake so ya nemi gafararsa. Idan muka rufe shi da "za ka tashi", mun ƙwace masa wannan dama, kuma ba ta dawowa.

Mu malamai muna da ƙarin namu. Da yawanmu mun cike takardun aiki tun muna samari da 'yan mata, muka rubuta sunan mahaifi ko wa a matsayin makusanci, yau wasunsu sun daɗe da rasuwa. Matar marigayi ce za ta yi ta sintiri tsakanin kotu da ofishin fansho, da marayu a bayanta. Kowa ya je ya duba fayil ɗinsa tun yana da ƙafar zuwa.

Ina kuma roƙon shugabannin reshe su gayyato likita ko ma'aikaciyar jinya da ta san wannan fanni zuwa taronmu na gaba, mu zo da matanmu da mazajenmu, mu yi mata tambayoyi.