Kuka Daban, Ƙara Daban: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Garwa

Ardo-ardo, sarakunan shanu, dattawa, fatake da dillalai, muna yi muku barka da zuwa, musamman waɗanda suka baro garke a Ngong, Pitoa, Adumri da Gashiga domin wannan zama.

Maganarmu ta yau a kan kalmomi take. Wani zai ce ana cinye burtali, ana toshe mashaya, mu kuma mun zauna nazarin harshe. To, sau da yawa kalma guda da aka faɗa ba a muhallinta ba ita ke jawo wa mutum asarar bijimi.

Mu fara da guna-guni. Shi ne maganar ciki-ciki da ake yi a gindin bishiya ranar kasuwa, wadda wanda ake yi dominsa ba ya ji. Ƙanwarsa ita ce mita, wato nanata abu ɗaya safe da yamma har masu saurare su gaji. Falken da dillali ya riƙe wa cikon kuɗi yakan yi wata uku yana mita a kara, alhali bai taɓa tsayawa gaban sarkin shanu ya faɗi adadin kuɗin da ranar cinikin ba. In ka tambaye shi sai ya ce ai ya yi magana. Bai yi ba. A ganinmu yawancin abin da muke kira neman haƙƙi a nan yake tsayawa.

Ƙorafi ya ɗara waɗannan, domin shi a fili ake yinsa, ana nuna rashin yarda, amma bai ɗora wa kowa tilas ya amsa ba. Kuka kuwa kai shi ake yi, kuma sama ake kai shi, wurin ardo ko jauro ko Lamiɗo. Mai kai kuka taimako yake nema, yana so babba ya sa baki a sasanta, ba lalle ne ya ambaci sunan kowa ba. In kukan na jama'a ne aka tara shi a takarda, sai ya zama koke-koke, irin wanda ƙungiyar MBOSCUDA, da aka kafa a 1992, take gabatar wa hukuma.

Ƙara ita ce mai nauyi. Tana da mai ƙara da wanda ake ƙara, tana bukatar shaidu, kuma ƙarshenta hukunci ne. Ku lura ma da rubutunta: in aka manta lanƙwasar harafin farko sai ta koma kara, wato kasuwar shanu ko abin da dabba ke ci bayan girbi, kuma abin dariya, a kan waɗannan biyu ne ƙararrakinmu da yawa suke tashi. Inda hatsarin yake shi ne wurin tafinta. Bafulatani ya ce wullaandu, Bahaushe ya ce kuka, ma'aikacin ofis ya rubuta plainte da Faransanci, kafin ka ankara takarda ta isa hannun jandarma. Mutumin da ya zo neman sulhu da maƙwabcin da suke musayar nono da dawa shekara ashirin sai ya wayi gari abokin shari'arsa ne. Haka kuma akasinsa yakan faru: an sare maka saniya, abin da ya cancanci ƙara, kai kuwa ka kai kuka, aka ba ka haƙuri, magana ta mutu ba a rubuta komai ba.

Dokar gwamnati mai lamba 78/263 ta shekarar 1978 ta kafa kwamitin sasanta manoma da makiyaya a ƙarƙashin Sufurefe, tare da ma'aikatan gona da na dabbobi da sarakunan gargajiya. Rikicin iyakar gona da makiyaya can ya kamata ya je, kuma a rubuce. Tun da aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON a 1974, aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, manoma suka yi ta kwararowa kwarin Binuwai daga can arewa mai nisa, ga gandun daji na Binuwai da Faro da Buba Njidda da filayen farauta kewaye da su, ƙasar kiwo ta matse ƙwarai. Filin da ba a taɓa rubuta koke a kansa ba, a idon ofis babu mai shi.

Saura kalmomin da ke zaune a zuci. Haushi da takaici sukan zo su wuce. Riƙo da ƙullata ba sa wucewa. An hore mu da munyal da semteende, haƙuri da kunya, amma mai haƙuri ya yafe ne, mai ƙulli kuwa ya yi shiru ne yana jiran rana. Daga ƙulli sai gaba, a daina gaisawa, yara su gaji faɗan da ba su san mafarinsa ba, har wata damina maraƙi ɗaya ya shiga gona a zaro takobi.

Don haka muke roƙon kowane ardo, in mutuminsa ya zo masa da magana, ya fara tambayarsa: kuka ka kawo ko ƙara? In kuka ne a tafi da dattawa wurin jauro. In ƙara ce a nemi yaro mai ilimin boko ya rubuta rana da wuri da yawan dabbobi da sunayen shaidu, a karanta wa mai ita da harshensa kafin ya dangwala yatsa, a kuma ajiye kwafi ɗaya a ruga.