Wa'azi A Kan Haƙƙin Wanda Mota Ta Ji Wa Rauni

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai na Tsiga da kewaye, wannan magana ce a kan haƙƙin wanda mota ta ji wa rauni, zan kuwa fara ta da laifin kaina.

Da kakar bara waccan wata motar masara da ta nufi Funtuwa ta banke wani gardi daga cikin almajiraina, yana bisa keke, ƙafarsa ta dama ta karye. Kafin la'asar mai mota ya zo da dattawa, ya ajiye kuɗin ɗori da buhun masara biyu, aka ce ƙaddara ce, a yafe. Ni na fara cewa an yafe, alhali yaro yana kwance bai san inda kansa yake ba. Bayan wata biyu ƙafa ta ruɓe, aka kai shi Zariya aka yanke ta, ubansa ya sayar da gona. Da muka nemi mai mota sai ya ce ai an rufe magana a gaban shaidu. Na yafe abin da ba nawa ba ne, Allah ya gafarta mini.

Ku sani, imani da ƙaddara ba ya kayar da diyya. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san diyyar rai a kisan kuskure raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Ƙafa guda rabin diyya ce, hannu guda haka nan, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Dinari 500 kuwa ya haura kilo 2 na zinariya. To, ku auna wannan da buhun masara biyu. Sa'an nan a mazhabar Imamu Malik ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga abin da ya bari. Wannan hukunci na karantar da shi sau da yawa, amma ran nan kunyar dattawa ta mantar da ni.

Mai cewa zai ce, wane direba ke da wannan dukiya? Amsa ita ce Shari'a ba ta ɗora masa shi kaɗai ba. Idan diyyar kuskure ta kai sulusi, aƙila ke biya, wato danginsa na wajen uba, cikakkiya a shekara 3, rabi a shekara 2. Yau dangi sun warwatsu, amma hukuma ta kafa wani abu mai kama da wannan. Tun 1945 aka yi doka a Nijeriya cewa mota ba ta hawa hanya sai da takardar inshora wadda ke biyan wanda aka ji wa rauni. A farkon 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗin takardar ƙaramar motar gida naira 15,000 a shekara, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, ban da rauni da rai. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta bincikenta a hanyoyi. Da yawa cikinmu sun ɗauka takardar wuce shinge ce kawai, ba su san domin mai rauni aka yi ta ba.

Na san malamai suna da magana a kan inshora. Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta yi fatawa a 1985 cewa ta kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari, ta taimakon juna kuwa ta halatta. Ita ce takaful, an kuwa fitar da ƙa'idojinta a ƙasar nan a 2013. Saboda haka mai mota ya nemi takaful. Amma mai rauni, a fahimtata, ba shi ya ƙulla ciniki ba, haƙƙinsa yake karɓa, babu laifi a kansa.

To, ga nasiha biyar idan abin ya auku, Allah ya kiyaye. Ta fari, a kai mai rauni asibiti kafin kowace magana. Ta biyu, a rubuta lambar mota da sunan kamfanin da ke jikin takarda, a duba ta a waya, domin akwai ta jabu da yawa. Ta uku, a sanar da 'yan sanda ko ma'aikatan kiyaye haɗurra, a sa mai mota ya sanar da kamfaninsa da gaggawa, gama kamfani ba ya biya sai da shaida. Ta huɗu, a adana takardar likita da kowane rasit. Ta biyar, abin da mai mota ya kawo ranar farko a karɓa da sunan kuɗin magani, a rubuta haka, kada a dangwala yatsa a takardar rufe magana sai rauni ya warke.

Bayan wannan, idan mai haƙƙi, baligi mai hankali, ya san adadin abin da yake bi, ya yafe don Allah, ladansa yana wurin Allah. In an kasa daidaitawa, ƙofar alƙali a buɗe take. Amma kada malami ya yi kyauta da ƙafar wani.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta, amin. Wassalamu.