Wa Ke Biyan Kuɗin Titi?

Yau ba za mu fara da baƙi da wasali ba. Ku ajiye fensir tukuna, mu yi magana a kan titi.

Da yawa daga cikinmu sun taɓa zuwa birnin Kano. Wani ya kai albasa, wani ya kai ɗan akuya, wani kuwa mara lafiya ya kai Asibitin Murtala. Wanda ya shiga ta Ƙofar Mata ya miƙe, ba zai daɗe ba sai ga shi a Shahuci. To, a nan mu ke so mu tsaya, mu dubi ƙasan da mu ke takawa.

Shahuci tsohuwar unguwa ce a cikin ganuwa. A nan aka buɗe makarantar koyon shari'a a 1928, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. A nan kuma Malam Aminu Kano ya yi elamantare. Ga asibiti a kusa, ga Kasuwar Rimi, Kasuwar Kurmi ma ba nisa. Saboda haka tun daga hantsi har bayan magariba wurin ba ya rabuwa da cunkoso: ƙananan motoci, da 'yan adaidaita-sahu, da masu tura baro, da masu tafiya a ƙasa. Don a rage wannan cunkoso ne aka yi gadar sama a wurin, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023.

In baƙauye ya ga wannan gada ya kan ɗaga kai ya ce, "Kai, Gwamnati da kuɗi ta ke!" Mu ma da mun kan faɗi haka. Amma Gwamnati ba ta da gona, ba ta da rumbu. To, ina ta samo kuɗin? In kuma gadar ta fara lalacewa, wa zai gyara ta, da kuɗin wa?

Bari mu koma baya kaɗan, domin a zamanin kakanninmu amsar a fili ta ke. Kowane magidanci ya kan biya haraji sau ɗaya a shekara, mai shanu ya biya jangali. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai birni. A birni a raba, kashi ɗaya na Gwamnati, kashi ɗaya ya shiga Baitulmalin En'e a hannun Ma'aji. Daga cikin wannan a ke biyan alƙalai da 'yan doka da malaman makaranta, a ke kuma gyaran hanyoyi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai Baitulmalin Kano ya yi ƙarfi ƙwarai, har En'e ta iya jawo ruwa daga kogin Challawa zuwa birni, ta kawo wutar lantarki. An buɗe wannan aiki a 1931. Watau dai sulallan manomin Gaya da na Rano suna cikin famfon da mutumin Shahuci ya sha.

Kada mu ce zamanin nan duk daɗi ne. Tsofaffinmu sun ba mu labarin waɗanda aka ɗaure a rana don sun kāsa biyan haraji, da waɗanda suka gudu suka bar gari, da aikin tilas da a kan fitar da samari su share hanya ba lada. Don haka ne mutane suka yi murna da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979. Amma akwai abu guda da mutumin da ya sani sarai: ya san ya biya, ga takardarsa a cikin hula.

Yau fa? Yau ma muna biya, sai dai ba mu ji. En'e ta tafi tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Yanzu kowane wata a kan raba kuɗi a Abuja tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. A cikin wannan kuɗi akwai na man fetur, akwai na kwastan, akwai kuma harajin saye da sayarwa. Wannan na ƙarshe shi ne namu kai tsaye. Tun 2020 naira 7 da kwabo 50 ne a kan kowace naira 100. In ka sayi sabulu, ko buhun siminti, ko katin waya, ka biya shi, ko da ba wanda ya zo ƙofar gidanka da littafi. Ban da wannan, jiha tana tara nata: harajin albashi, da kuɗin lambar mota, da kuɗin ƙasa. A kasuwa da tashar mota kuma akwai kuɗin rumfa da kuɗin tikiti. Wani lokaci kuma Gwamnati ta ci bashi ta yi aiki. Bashi kuwa haraji ne na gobe, 'ya'yanmu za su biya.

Sa'an nan ba duk titi ne mai shi ɗaya ba. Manyan hanyoyi kamar ta Kano zuwa Zariya, da ta Katsina, da ta Maiduguri, na Gwamnatin Tarayya ne, tana da hukumar gyaransu mai suna FERMA. Manyan titunan cikin birni da gadoji na jiha ne, ita ma tana da tata hukumar gyara, KARMA. Ƙananan tituna da magudanun unguwa da kasuwanni da tashoshi, tsarin mulkin 1999 ya sa su cikin aikin ƙaramar hukuma. Ya kamata mu san wannan, domin wanda ya kai kuka ƙofar da ba ta dace ba, ya yi asarar kuɗin mota.

Yanzu mu zo ga babbar magana. Me ke kashe titi?

Mutane su kan ce mota. Gaskiya ne, babbar mota da aka yi wa lodi fiye da ƙima tana cin titi, ita ɗaya ta fi ƙananan motoci masu yawan gaske ɓarna. Amma babban abokin gāban titi ruwa ne. Ku da ku ke zaune a ɗakin soro kun fi kowa sanin wannan. Kafin damina kowane mai hankali ya kan hau soronsa, ya duba tsaga, ya yi yaɓe, ya buɗe indararo. In ya yi sakaci, ruwa ya sami ƙofa, ya jiƙa azara, ran nan sai ɗaki ya zauna. Titi ma haka ya ke. A ƙarƙashi akwai jar ƙasa da aka daddanne da injin, a bisa ta tsakuwa, sa'an nan kwalta. Kwaltar nan ba ita ke ɗauke da nauyin mota ba ita kaɗai, babban aikinta ta hana ruwa shiga, kamar yaɓen soro. Shi ya sa a ke yin tsakiyar titi da ɗan tudu, don ruwa ya gangara gefe ya faɗa kwata, kwata ta kai shi kwalbati, ya wuce.

To, a ce kwata ta toshe da shara da leda da yashi. Ruwa ya rasa hanya, sai ya kwanta a kan kwalta. Ya sami 'yar tsaga kamar zare, ya shiga. Jar ƙasa ta jiƙe ta yi laushi. Mota ta taka, kwalta ta lotsa ta fashe. Yau rami kamar bakin ƙwarya, bayan sati biyu kamar faifai, kafin kaka sai ya isa ya kayar da mai babur. Ramin da lebura biyu za su toshe da baro ɗaya na kwalta da hantsi, in aka bar shi damina biyu sai an kawo katafila an kankare titin duka an sake.

A cikin birnin Kano abin ya fi tsanani, saboda wani dalili. Mutanen da sun haƙa ƙasa sun yi gini, wuraren da suka haƙa suka zama kududdufai. Da damina ruwan unguwa ya kan taru a cikinsu, saura ya bi Jakara ya fita bayan gari. Yanzu an cike kududdufai da yawa an yi gidaje da kantuna a kai. Ruwan sama kuwa bai ragu ba. In bai sami kududdufi ba, bai sami kwata ba, titi zai bi, ko ɗakin wani.

Mun taɓa gani da idonmu wata damina. Mun fito daga asibiti bayan an ɗauke ruwa, muka tarar da wani dattijo ya ɗauko matarsa ba lafiya a cikin adaidaita-sahu. Ruwa ya rufe wani rami, direba bai gani ba, ƙafar keken ta faɗa, ya karkace. Allah ya kiyaye ba wanda ya karye, amma sai da samari suka ɗauki matar a hannu. A gefen wurin kuwa ga kwata cike fal da ledar ruwa. Ba mu san wanda ya zuba ba. Watakila mutum ɗari ne, kowa leda ɗai-ɗai.

A nan za mu faɗi ra'ayinmu, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Sabon aiki yana da farin jini, gyara ba shi da shi. In an gama gada a kan yi biki, a kira makaɗa, a sa mata suna. Ba mu taɓa jin an yi biki don an yashe kwata ba. Saboda haka mai mulki ya fi son sabon aiki, mu talakawa kuma mu ne mu ke koya masa haka, domin abin da mu ke yabo ke nan. Ba mu ce gada ba ta da amfani ba, wanda ya san cunkoson Shahuci ba zai faɗi haka ba. Amma duk titin da aka ƙara, an ƙara bakin da za a ciyar kowace shekara. Wanda ya sayi doki bai tanadi harawa ba, kun san abin da zai faru.

Abin hawa ma yana da nasa labari. A Janairun 2013 Gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Daga nan adaidaita-sahu, wanda aka fara kawowa zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ya zama shi ne jakin birni. Hukumar da ke lura da zirga-zirga, KAROTA, ta sa musu harajin naira 100 a kowace rana. A Fabrairun 2021 suka ƙi fitowa aiki saboda wannan haraji. Kwanakin nan birni ya ga tasku: 'yan makaranta da ma'aikata da masu zuwa asibiti duk a ƙasa, har aka zauna aka sasanta.

Ku ɗauki fensir yanzu mu yi lissafi na misali. A ce keke 1,000 ne, kowane ya ba da naira 100. A rana ɗaya naira 100,000 ke nan. A kwana 30 fa? Naira miliyan 3. Kun ga yadda ƙaramin kuɗi ya ke taruwa. Hukuma tana da gaskiya da ta ce mai amfani da titi ya taimaka wajen riƙe shi. Direba kuma yana da gaskiya in ya ce, "Na biya, to ina aikin?" Kuma ku lura, naira ɗarin nan ba daga aljihun direba ta ke fitowa ba a ƙarshe. Daga na fasinja ne.

Wani zai ce, "Malam, mu da mu ke ƙauye ina ruwanmu da ramin Shahuci?" Da ruwanmu. In hanya ta lalace, mota ta kan sha mai da yawa, taya ta fashe, direba ya ƙara kuɗin kaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kowa ya ji yadda kuɗin mota ya tashi, balle a haɗa da mugunyar hanya. In kwandon tumatirinka ya yi awa uku a cunkoso cikin rana, mai saye zai taya shi da arha. Ramin yana birni, asarar tana gonarka.

To, me mai karatu zai iya yi? Da fari, duk inda aka karɓi kuɗinka da sunan hukuma, a tasha ko a kasuwa, ka ce a ba ka rasit. Ka karanta shi: sunan hukuma, da kwanan wata, da yawan kuɗi. In an karɓi 200 an rubuta 100, ko an ba ka takardar jiya, kuɗin nan ba zai ga titi ba. Da ba mu iya ganewa, yanzu mun iya. Haka kuma in an fara aikin hanya a kan kafa allo a gefe, da sunan hukumar da ta ba da aiki da sunan ɗan kwangila. Kada ka wuce shi kamar da. Ka tsaya ka haɗa baƙaƙen, ka rubuta a littafinka, don in aiki ya tsaya ku san wanda za ku tambaya. Takardar kuka da mutum ashirin suka sa wa hannu, aka bi da ita ta wurin mai unguwa da dagaci zuwa ga kansila da shugaban ƙaramar hukuma, ta fi surutu a gindin bishiya nauyi. In kuma masu neman ƙuri'a sun zo da alkawarin sabuwar hanya, ku gode musu, sa'an nan ku tambaye su nawa suka ware don gyaran wadda a ke da ita.

Saura kuma namu ne, ba sai an jira kowa ba. A birni a kan fito tsabtace unguwa ranar Asabar ta ƙarshen wata. Mu a ƙauye muna da gayya tun kaka da kakanni. Kafin ruwan fari, a fito da shebur da fartanya a buɗe kwalbatin bakin gari, a kwashe yashi da kara da leda, a kai su nesa. Kada a tara su a bakin kwata, domin ruwa na farko zai mai da su inda suka fito. Mai gona a bakin hanya kuma kada ya yi kunya har cikin lambatu don ƙarin kwano ɗaya na gero.

Ran Laraba in Allah ya kai mu, kowa ya zo da rasit ɗaya, ko na tasha, ko na kasuwa, ko na asibiti, kowane iri ya samu a gida. Za mu rubuta su a allo mu karanta tare. Wanda aka karɓi kuɗinsa ba a ba shi kome ba, shi ma ya zo ya gaya mana inda abin ya faru.