Ciwon Kan da Ba A Jiran Gari Ya Waye

Uwargida, ɗan ajiye muciya ki matso kusa, yau a kan ciwon kai za mu tattauna.

Kowaccenmu ta san ciwon kai na gajiya ko na zazzaɓi. To, akwai wani wanda ya sha bamban da su. A cikin ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyin jini. Wani lokaci bangon jijiya yakan yi rauni a wuri guda, ya kumbura kamar balan-balan ɗin yara. Mutum yana iya shekaru da kumburin nan bai sani ba. Likitoci sun gano ya fi samun mata, musamman waɗanda suka haura shekara 40, da masu hawan jini, da masu shan taba, da waɗanda aka taɓa yi a danginsu.

Idan ya girma, yakan danne jijiyar ido. Sai fatar ido ɗaya ta sauko, ko ki riƙa ganin abu biyu-biyu, ko zafi a bayan ido ɗaya. Ki je asibiti a ranar.

Idan kuwa ya fashe, ciwon kai ne zai sauko farat ɗaya, cikin minti guda ya kai maƙura, irin wanda ba ki taɓa ji ba. Wuya ya sanƙare, ga amai, ido ya ƙi haske, wata har ta suma ko ta yi jijjiga. Ko da ya lafa, kada ki saki jiki, domin jijiyar tana iya sake fashewa.

A nan ne muke kuskure, 'yan'uwa. Sai a ce iska ce, a kawo hayaƙi, ko a aika yaro kemis. Kada a ba ta asfirin, yana ƙara zubar jini. Wadda ta suma a kwantar da ita a gefe guda, kada a ɗura mata ruwa. A nemi mota zuwa babban asibiti, inda za a ɗauki hoton kai, kuma akwai aikin da ake yi a toshe wurin.

Tun yau ki zauna da maigida ku yi magana: idan haka ta faru ba ya gida, ko tsakar dare, wa zai kai ki? Ya ba da izini tun yanzu, ke da abokiyar zamanki ku san da shi. Sannan ki riƙa auna jininki, ki rage gishiri da kanwa, kada ki bar shan maganin hawan jini don kin ji sauƙi.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.