Ƙurar Hunturu da Sharar Ɗaki



Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta sauke mana har ƙarƙashin gado. Uwargida ta goge tebur da safe, kafin la'asar yaro ya rubuta sunansa a kai da yatsa.

To, sau nawa ya kamata a bi ɗaki da injin zuƙe ƙura? Ya danganta da shimfiɗar. Kafet shi ne matattarar ƙura, domin tsintsiya sama-sama take bi, abin da ta tayar kuma hanci ne ke shaƙa. Kafet ɗin falo, inda ake shige da fice, sau biyu a mako. Na ɗakin baƙi, sau ɗaya ya wadatar. Tayil da leda ba sa riƙe ƙura, shara kullum da jiƙaƙƙen tsumma sun isa, inji kuma mako-mako. Darduma kuwa, a fitar da ita tsakar gida a kakkaɓe.

Gidan da ke da mai asma ko jariri mai rarrafe, sai a ƙara himma. A riƙa zazzage jakar injin kuma, don in ta cika, ƙarfin zuƙarsa raguwa yake yi.